Yadda Hawan Jini Ya Sa Na Gyara Tukunyar Gidana

Ni Bazazzagiya ce gaba da baya. A cikin ganuwa aka haife ni, wajen Ƙofar Gayan, kuma a hannun kakata ta wajen uba na tashi, wadda duk gidan muke ce wa Inna. Yanzu na ba hamsin baya, ina koyarwa a makarantar firamare, muna zaune a Samaru da maigidana da sauran yaran da ba su bar gabanmu ba. Mata da yawa, a wurin aiki da a Islamiyya, suna tare ni da tambaya ɗaya: me na sha na samu sauƙin jiki haka? In na ce musu ba sassaƙe ba ne, ba jiƙo ba ne, tukunya na gyara, sai su ga kamar rowa nake yi musu. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin a tsanake, mai rabon amfana ya amfana.

A gidan Inna, abincin safe kunun tsamiya ne da ƙosai, ko ɗumamen tuwo. Da rana fate, ko dambu, ko ɗanwake. Da dare tuwon dawa da miyar kuka, wata rana karkashi, wata rana busasshiyar kuɓewa, in kabewa ta shigo a yi taushe. Nama sai ranar Juma'a, shi ma tsoka ɗaɗɗaya, sai kuma Sallah da suna. Kwaɗayinmu na yara bai wuce goruba da magarya da aduwa da kanya da ɗinya ba, sai aya da gyaɗa, sai raken Maƙarfi in lokacinsa ya yi. Abokan wasanmu Kanawa har gobe suna yi mana tsiya da fate, mu kuwa ba mu taɓa musu ba, don namu ne. Ba na so a ɗauka ina kuranta zamanin da ne ido rufe. An sha wahala a lokacin, ƙyanda ta kwashe yara a unguwarmu, akwai shekarun da hatsi ya yi wuya ƙwarai. Amma abin da ke cikin kwano dai, mafi yawansa daga gona da lambu ya fito, kuma bai bi ta hannun inji da yawa ba kafin ya iso bakinmu.

Da na yi aure, albashi ya fara shigowa ta ɓangare biyu, cin gidan ya sauya kamar yadda ya sauya a gidajen ma'aikata duka. Da safe burodi da shayi mai kauri, madara da sukari. Da rana farar shinkafa da miya mai kwance da mai, ko taliya. Yara su dawo makaranta a dafa musu taliyar leda. Maigida ya shigo da dare da tsire ko balangu a takarda. Firji ba ya rabuwa da lemon kwalba saboda baƙi, mu ma muna sha. Fate da kwaɗo suka koma abin marmari, sai an yi sha'awa. A wurinmu a lokacin wannan shi ne rufin asiri, kuma babu wanda zai shigo gidan ya ce ana cin abinci mara kyau.

Ciwon ya zo ne a hankali. Kai ya riƙa sara mini ta ƙeya, musamman da asuba. In na hau benen makaranta sai na tsaya na huta. Ƙafafuna su kumbura da yamma har takalmi ya matse ni, barci kuma ya zama rabi da rabi. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zo gidan wata rana da abin awo, ta ɗaura mini a hannu. Ta duba, ta sake aunawa, sannan ta ce, “Yaya, gobe da sassafe za mu asibiti, kada ki ce mini akwai aiki.” Lambar sama ta awon jinina ta haura 170. A asibiti likita ya bayyana mini cewa daga 140 bisa 90 zuwa sama, in aka yi ta samun haka a awo daban-daban, hawan jini ne, kuma yakan daɗe a jikin mutum yana ɓarna a zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa ba tare da mai shi ya ji komai ba. Ya rubuta mini magani. Da aka auna maigida shi ma, sukarinsa ya kai bakin iyaka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da likitan ya yi bayan ya ajiye biro. Ya ce, “Hajiya, faɗa mini abin da kika ci jiya tun daga safe har dare.” Na lissafa masa. Ya ce, “A duk wannan ina ganye? Ina wake?” Na ce akwai albasa da tattasai a miya. Ya girgiza kai, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da wanda ke cikin burodi da dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da garin da ke cikin ledar taliyar yara. Ya ce maganin zai yi aikinsa, amma in ban taimake shi ta baki ba, ƙara mini wani za a yi ta yi.

Da gishiri na fara, kuma shi ya fi ba ni wuya. Tukunyar miya ɗaya a da sai in marmasa mata dunƙule huɗu ko biyar, sannan in bi da gishiri. Ban yanke rana ɗaya ba, don na san gidan ba zai ɗauka ba. Na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ina cike gurbin da daddawa da tafarnuwa da citta da masoro da albasa mai yawa. Daddawar kalwa nake nufi, ta 'ya'yan ɗorawa, wadda ake dafawa ta daɗe a wuta, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa kafin a kirɓa. Wata tsohuwa ce ke kawo mini daga ƙauye, ƙamshinta kaɗai ya isa ya tayar da miya. Duk da haka a makonnin farko maigida sai ya ɗanɗana ya ce, “Yau kuma gishirin ya ƙare ne a gidan?” Autana ya fara ɓoye dunƙule a aljihu yana marmasawa a kwanonsa. Na yi haƙuri da su. Harshe yana sabawa, wannan na gani da idona. Bayan 'yan watanni, maigida ya dawo daga wata walima yana cewa bai iya cinye abincin ba, gishiri ya yi masa yawa.

Daga nan na maido da fate kan matsayinsa, ya zama abincin rana na sosai, ba na marmari ba. Ga yadda nake yin nawa. Tun dare nake jiƙa wake, da safe in zubar da ruwan, in ɗora shi shi kaɗai ya fara laushi. In zuba jajjagen tattasai da attarugu da albasa da tumatir, da daddawa, da ɗan manja cokali biyu ga tukunyar gida guda, da dakakkiyar ɗanyar gyaɗa. In ya tafasa ya haɗa jikinsa sai in kawo tsakin masara da na riga na wanke na rege, in riƙa zubawa ina juyawa don kada ya yi gudaji. Kabewa da yalo ko gauta su biyo baya. Ganye shi ne na ƙarshe, kuma a nan na bambanta da yadda na saba gani: alayyafo da yakuwa da lawashi, ina yanka su da yawa har sai mutum ya ga kamar tukunyar ba za ta ɗauka ba, in zuba, in rufe na ɗan lokaci kaɗan, in sauke tun suna kore. Ganyen da aka bari a wuta har ya yi baƙi ya riga ya rasa da yawa daga amfaninsa. Tsamin yakuwa da ɗacin gauta suna sa mutum ya manta ma ba a cika gishiri ba. Wanda ya sha kwano ɗaya na wannan da azahar, ba zai nemi komai ba sai magariba.

Kwaɗo ma haka. Zogale ko rama ko tafasa, a dafa sama-sama, a matse, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan yaji, a matsa lemon tsami a kai. Wannan matsa lemon tsamin ba don daɗi kaɗai ba ne. Ƙanwata ta koya mini cewa sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, wanda ke cikin ganye da wake, jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama, amma in an haɗa shi da abu mai bitamin C irin lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, yana shiga sosai. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana tare shi. Shi ya sa na raba shayi da lokacin cin abinci, sai an ɗan jima.

Wake shi ne ginshiƙin gidan yanzu. Da ma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken nan namu, kuma mu da ke Samaru a bakin rijiyar muke zaune: cibiyar binciken aikin gona da ke nan, wadda ta samo asali tun 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke fitar da irin wake masu suna SAMPEA, da na dawa SAMSORG, da na gyaɗa SAMNUT, waɗanda manoma ke shukawa a Arewa. Abin mamaki, abin da iyayenmu ke haɗawa ba tare da sun shiga aji ba shi ne abin da masana abinci ke koyarwa: ɓangaren sinadarin gina jiki da ya yi ƙaranci a hatsi yana nan a wake, wanda ya yi ƙaranci a wake yana nan a hatsi. Garau-garau, koko da ƙosai, dambu da gyaɗa da zogale, tuwo da miyar wake, duk haɗi ne cikakke. Ina yin alale fiye da ƙosai saboda mai. Ina dafa gurjiya. Awara ma ina yi da kaina da waken suya da ruwan tsami, amma maimakon in soya ta a mai mai zurfi, sai in yanka ta cikin miyar ganye, yara suna tsince ta kamar nama. Masu kukan wake yana kumbura musu ciki, su gwada jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi luguf, kuma a fara da kaɗan.

Sai dai akwai abin da dole in ja kunne a kai, don na ga mutane suna ɗauka duk abin da ya fito daga gona lafiyayye ne. Waken da aka zuba wa maganin ƙwari don kada ya yi ƙwaro a rumbu guba ne a cikin kwano. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Su sun hana, mu kuwa shi ke shiga tukwanenmu. Don haka da kaka nake sayen nawa na shekara, wurin manomin da muka sani ta wajen Giwa, in shanya shi ya bushe ƙayau, in zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In aka ɗaure kowace leda tamau, iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. Wanda bai samu buhun ba, busasshiyar jarka mai murfi mai kyau tana yin aikin, a cika ta har baki. Gyaɗa da masara kuma abin tsoronsu fumfuna ne. Wadda ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Ina zama da faifai in tsince duk ƙwayar da ta motse ko ta canza launi in zubar, ko kaji ba na ba su.

Tuwo na mayar da shi na dawa da gero da masara, ina kuma hana mai inji ya surfe su fes, don dusar nan da muke ba awaki tana da amfani ga hanji da sukarin jini. Acca in na samu daga wajen masu kawowa daga kudancin Kaduna da Filato, maigida ya fi son ta. Shinkafa ba mu daina ba, amma ba ta cika faranti ita kaɗai: rabin farantin ganye ne da kayan lambu, sauran rabin shinkafa da wake su raba.

Maganar nama ita ce inda aka fi yi mini mummunar fahimta. Har wata ta taɓa ce mini a gidan suna, “Malama, an ce kin haramta wa kanki nama irin na Indiyawa?” Na ce mata, “Subhanallahi, ni wace ce da zan haramta abin da Allah Ya halatta?” Muna yin layya, muna cin namanta, muna rabawa. Abin da na yi shi ne na mayar da nama inda yake a gidan Inna, ya zama ɗan rakiya a miya sau ɗaya ko biyu a mako, ba shi ne uban tafiya kullum ba. Kitse da ganda da soyayyen nama na dare na bar su. Kifi muna ci, ƙwai muna ci, nono da kindirmo suna shiga gidan. Kuma da gangan ban cire su ba. Akwai masu wa'azin abinci a intanet da ke cewa a bar duk abin da ya fito daga dabba gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi haka ya sani akwai bitamin B12, wanda ba a dogara da tsiro wajen samunsa, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi, sai dai ya riƙa shan na ƙwaya. Ni ban ga dalilin da zan jefa yara masu tasowa da mata masu ciki cikin wannan ba, a garin da Fulani ke kawo nono har ƙofar gida.

Abin da addini ya koya mana ma tsakaitawa ce. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, hadisi kuma ya raba ciki uku: kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Da azumi na fi ganin amfanin wannan. Maimakon tebur cike da soye-soye, dabino da ruwa, sai kunun gyaɗa mara sukari sosai da alale, sai gwanda ko kankana, a yi sallah a dawo a ci abinci mai ganye. Tarawihi ta daina yi mini nauyi.

Lemon kwalba na fitar da shi daga firji. Kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini duka bai fi cokali 12 ba. Baƙona yanzu zoɓo yake sha da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ko kunun aya da dabino. An yi bincike da ya nuna zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, amma wanda aka cika wa sukari ya ɓata lissafin, kuma mai shan magani ya gaya wa likitansa in yana shan zoɓo kullum.

Gidanmu na haya ne, tsakar gidan siminti, don haka lambuna a buhuna yake. Tsofaffin buhunan hatsi na huda ta ƙasa, na cika da ƙasa da kashin awaki da ya daɗe ya huce, na jera su a jikin katanga inda rana ke samu da safe. Akwai alayyafo, yakuwa, lalo, attarugu, ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Zogale reshe kawai na kafa a wani ɗan fili bayan ɗaki ya kama, ina sare kansa don kada ya yi tsawo ya fi ƙarfin hannu. Ruwan wankin shinkafa da na wake da na alwala shi nake ba su, banda mai sabulu. Ɓawon kabewa da na albasa da sauran tarkacen kicin suna komawa rami su zama taki. Da damina ganye yana yi mana yawa, sai in shanya a inuwa cikin ɗaki mai iska, ba a rana ba, don rana tana ƙona launinsa da amfaninsa. Shi muke ci da bazara lokacin da ganye ke tsada. Da sanyi kuwa kasuwar Samaru da ta Sabon Gari cike suke da tumatir da karas da kabeji da latas na masu noman rani daga bakin Galma da wajen Hunƙuyi, a lokacin nake busar da tumatir da tattasai. Duk abin da za a ci ɗanye ina wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, ganye ɗaya-ɗaya, saboda wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, wasu maƙwabtan da ke ganin tsarina kamar tsumulmula suka fara zuwa tambayar yadda ake yin awara da yadda ake kafa zogale. Ban ji daɗin dalilin da ya kawo su ba, don yunwa ba abin murna ba ce. Amma ina gaya musu gaskiya: kuɗin nama kilo ɗaya zai sayi waken da zai ciyar da gida kwanaki, kuma yaron da ya ci wake da ganye da gyaɗa ya fi wanda ya ci taliyar leda tsura ƙoshi da lafiya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne kunyar da muka ɗora wa abincinmu, har mace ta ɓoye kwanon kwaɗo in ta ji sallamar baƙuwa.

Na kuma koma tafiya da ƙafa zuwa makaranta da safe maimakon hawa keke mai ƙafa uku, ina kwanciya da wuri bayan isha'i, waya kuma ba ta bi na gado.

Yau awona yana zama ƙasa da 140 bisa 90, kumburin ƙafa ya tafi, nauyi ya ragu, ina hawa benen makaranta ba tsayawa. Sukarin maigida ya koma daidai bai kai ga shan magani ba. Alhamdu lillahi. Amma a ji ni da kyau: har yanzu ina shan maganina kowace safiya. Likita ya rage mini, bai ce in daina ba, ni ma ban daina ba. Ina nanata wannan ne saboda wata baiwar Allah a layinmu, wadda ta ji masu tallar magani da lasifika a mota suna cewa garinsu yana warkar da hawan jini har abada, ta ajiye na asibiti. Ba a daɗe ba ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Ina zuwa gaishe ta, hannunta na dama har yau bai dawo ba. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, amma bai zama madadin ƙwayar da likita ya rubuta ba.

Haka kuma ba duk abin da muka gada ne ya kamata a rungume ba tare da dubawa ba, kuma wannan ya zo mini har cikin ɗaki da babbar 'yata ta dawo gida wankan haihuwar fari. Uwar mijinta, mutuniyar kirki, ta aiko da gero da kayan yaji da ƙullin jar kanwa mai yawa, da saƙon a riƙa dama mata kunun kanwa safe da yamma. Ƙanwata ta riga ta gaya mini cewa tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka ba da rahoton yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin ruwan wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, irin su ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Amma ita kanwa dangin gishiri ce, kuma yarinyar nan jininta ya ɗan hau a watan haihuwa, ga uwarta mai hawan jini.

Da uwar mijin ta zo ganin jariri na zaunar da ita a ɗakina. Na ce, “Hajiya, Allah Ya saka da alheri, kaya sun iso. Sai dai ina neman alfarma a kan kanwar nan, likita ya ce a kiyaye mata gishiri.” Ta ce, “Haba Hajiya, mu da shi aka yi mana jego, ga mu nan garau. Ta ina ruwan nono zai zo?” Na ce, “In Allah Ya yarda zai zo, ki bar ni da ita mako guda ki gani.” Na riƙa dama mata kunun gyaɗa da kunun gero da tsamiya, ga faten wake da alayyafo da hanta, ga farfesun kaza da kifi, ga dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale, ga ruwa isasshe. A nan ban rage mata nama ba ko kaɗan, mai jego ta zubar da jini tana kuma shayarwa, jikinta yana bukata. Ruwan wanka mai ɗumi sosai, amma ba mai salɓe fata ba. Nono ya zo har yana zuba, jaririn ya yi ɓul-ɓul, da aka auna ta bayan arba'in jininta lafiya lau.

Uwar mijin ta yaba da jikin yaron, amma har yau tana ganin na rage wa jego armashi, ta ma ce haihuwa ta biyu a gidanta za a yi wankan. Ban yi mata musu ba, don tana da haƙƙi a kan jikanta kamar yadda nake da shi. Na dai roƙi mijin 'yar tawa, in lokacin ya zo, ya ɗauki mahaifiyarsa su je awo tare da matarsa, ta ji bayanin kanwar daga bakin likita da kunnenta, ya kuma ce mini zai yi.